Abin da wadan Filifin ya koya min a ɗakin editin

Lokacin da nake koyon editin, wato yanka da haɗa hotunan fim, a wani ɗan shago a Kano, ba ni da aiki sai ƙorafi, kwamfuta ta cika nauyi, kyamarar da aka yi ɗauka da ita ba ta da kyau, furodusa ya ƙi sakin kuɗi. Ran nan oga ya gaji da ni ya miƙo min filash ya ce je ka kalli wannan, gobe ka zo ka faɗa min uzurinka.

Fim ne na ƙasar Filifin na 1981, For Y'ur Height Only, tun daga sunan ka san tsokanar fim ɗin James Bond na wannan shekarar ake yi, For Your Eyes Only. Jarumin Weng Weng wada ne, tsayinsa santimita 83 kacal, wai shi ne ɗan leƙen asiri Agent 00, da fararen kwat ɗinsa da zoben da ke gane guba a abin sha. Kallon farko dariya kawai na sha wallahi, balle da aka zo ƙarshe na ga bos ɗin da ake ta kira Mr. Giant, wato Ƙato, ashe shi ma wada ne.

Na dawo na ce oga ai shirme ne. Ya ce sake kallo, amma ka kashe sauti.

To a nan jikina ya yi sanyi. Mutanen nan ba su da kuɗin fasa motoci irin na Bond, abin da suke da shi ɗaya ne, jikin jaruminsu, kuma sun gina komai a kansa. Zai sulale a ƙasa da bayansa yana harbi, ya bi ta tsakanin ƙafafun ƙato, ya diro daga bene da lema a hannu, kuma edita ya san daidai inda zai yanka kafin idonka ya kama dabarar. Wurin lemar nan na maimaita ya fi sau goma ina tsayarwa ina lissafin yankan. Ni kuwa a lokacin sai in bar mutum ya buɗe ƙofa, ya shigo, ya yi sallama, ya cire takalmi, ya nemi kujera, duk ban taɓa ba don ina jin tausayin abin da aka sha wahalar ɗauka. Satin nan na zubar da kusan minti bakwai daga aikin da ke hannuna, darakta bai ma lura ba, cewa ya yi fim ɗin ya ƙara gudu.

Daga baya ne na ji sauran labarin, kuma shi ya fi tsaya min a rai. Fim ɗin ya fita ƙasashen waje an ci kuɗi da shi, har an yi wani a 1982, amma shi Weng Weng, wanda sunansa na gaskiya Ernesto de la Cruz, a talauce ya mutu a 1992 yana da shekara 34. Na yi shiru ina tuna finafinai uku da na kwana a kansu aka sallame ni da kuɗin mota da "za mu yi magana in an saki".

Aikin da ya biyo baya, kafin in jona hard disk ɗin furodusa, wato ma'ajiyar hotunan fim ɗin, na ce Alhaji nawa ne, kuma rabi yanzu. Ya kalle ni ya ce yaushe ka zama haka. Ya dai tura, da ƙyar, bayan la'asar.