TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Kwalin da Yaya ya bari

Makon jiya na tsaya ne a rasuwar Yaya, Allah Ya jiƙansa. Abin da ya biyo baya shi ya ɗora ni a kan sana'ar zanen da nake ci da ita yau, don haka ku yi haƙuri da ni, zan ɗan daɗe a nan.

Da aka kwana biyu, Umma ta nuna mini wani kwali a ƙarƙashin gadonsa. Ta ce, "Auta, kwashe takardun yayanka ka kai ɗakinka, ba na iya kallonsu." Mujallun labarin zane ne, waɗanda ake ce wa komik, wasu duk bango ya yage saboda yawan buɗawa. Da ransa bai taɓa bari na taɓa su ba. Na zaci jarumai masu tashi sama zan tarar, ashe yawancinsu labarin matattu ne da suka ƙi kwanciya.

Wadda na fara buɗewa ita ce Spawn, ta Todd McFarlane, da ta fara fitowa a Amurka a 1992. Jarumin labarin, Al Simmons, makashi ne da ke yi wa gwamnati aiki, mutanensa suka ci amanarsa suka kashe shi. Don kawai ya sake ganin matarsa Wanda, ya ƙulla yarjejeniya da wani shaiɗani. Aka dawo da shi duniya, amma bayan shekara biyar, fuska a ƙone, tunani a gutsure. Ya tarar Wanda ta auri amininsa Terry, har sun haifi 'ya mace, abin da shi bai iya ba ta ba. Akwai wurin da har yau ba ya fita raina. Ya tattara ƙarfinsa don ya koma siffar mutum, shi da yake baƙar fata, sai ya wayi gari Bature mai gashi ruwan zinariya. Da wannan fuskar ta aro ya je ƙofar gidan matarsa, ta dube shi kallon baƙo.

A daidai wannan lokacin ne maganar auren matar Yaya ta taso. Ranar da ta zo shaida wa Umma, ta same ni a bakin ƙofa na haɗe rai. Ta riƙo hannuna ta ce, "Auta, ba mantawa na yi da shi ba." Na ce, "Na ji, Anti," na zare hannuna na shige ɗaki.

Daren nan na koma kan mujallar ina neman inda za a nuna Wanda a matsayin maciyar amana, in huce a kanta. Babu. Mace ce da ta yi kukanta ta share hawaye, shi ma Terry yana riƙe da ita da mutunci. Al Simmons ba shi da wanda zai kama da laifi a cikin gidan nan, sai ya koma lungunan birnin New York cikin marasa matsuguni, yana sauke fushinsa a kan miyagu ba sani ba sabo. A ganina nan ne asirin irin waɗannan jarumai yake. Ba mutanen kirki ba ne, hannunsu duk jini, amma mai karatu yana ganin inda zafin ya samo asali. Duk wanda ya taɓa binne nasa ya san fushin nan da ba shi da wurin sauka.

Sai da na girma na bi sawun tarihinsu. Tun 1940 Jerry Siegel, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro Superman, ya fito da The Spectre tare da Bernard Baily, labarin ɗan sandan da 'yan daba suka kashe, ya dawo ɗaukar fansa. A 1954 hankalin iyaye a Amurka ya tashi, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya ce mujallun nan ne ke lalata yara, har wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kan batun. Masu bugawa suka kafa wa kansu hukumar tacewa, ta haramta gawa mai tafiya da masu shan jini. Mujallun ban tsoro na kamfanin EC suka mutu murus. Amma matattun ba su kwanta ba. A 1967 aka fito da Deadman, ɗan wasan lilo a sama da aka harbe yana tsakiyar wasa, ya zama fatalwa, ba mai ganinsa ba mai jinsa sai ya shiga jikin wani rayayye. A 1971 aka sassauta dokar, masu sha'awa kuwa dama ba su je ko'ina ba.

Wadda ta fi taɓa ni a kwalin ita ce The Crow ta James O'Barr, ta 1989. Ba launi, baƙar tawada ce da farar takarda. Wani direba da ya yi tatul da giya ne ya kaɗe budurwar O'Barr ta mutu, shi ya sa ya zauna ya zana Eric, saurayin da aka kashe tare da masoyiyarsa Shelly, ya tashi yana bin makasan ɗaya bayan ɗaya. In ka lura da shafukan, inda ake zubar da jini layukan kaushi gare su, kamar alƙalamin zai huda takardar. Inda Eric ke tuna Shelly kuwa, hannun mai zanen sai ya yi laushi, inuwa a hankali, haske a fuskarta. Daga nan na fara gane cewa layi ma yana magana. Kuma fansar ba ta dawo masa da ita ba, littafin bai yi wa kowa wannan ƙaryar ba, abin da ya sa nake girmama shi ke nan.

Masu cewa tsoro ne ke sayar da waɗannan mujallu, ban yarda da su ba. Tsoron zane ba ya wuce karatun farko. Abin da ke mayar da mutum shi ne tambayar da ba ya iya yi wa kowa: da zai dawo, zai samu wurinsa? Na sani sarai wanda ya tafi ba ya dawowa, amma yaro mai kewa yana buƙatar inda zai ajiye wannan tambayar.

Ni a bayan littafin lissafina na ajiye ta. Na fara kwaikwayon mayafin Spawn da sarƙoƙinsa, daga baya na bar kwaikwayo na shiga zana nawa mataccen, dogo, mai ɗan ranƙwafawa, yana tsaye a bakin taga yana leƙen iyalinsa. Kafaɗun Yaya na sa masa. Ina cikin yi masa inuwa wata rana a aji, ban ji takun malam ba sai ganin hannunsa na yi a kan littafin. Ya buɗe shafi bayan shafi, fuskarsa ta sauya, ya ce, "Gobe kada ka shigo makarantar nan sai da mahaifiyarka."

Yadda muka kwashe da Umma a ofishin shugaban makaranta, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.