Mutum ɗaya, bashi kashi huɗu

Kawuna yana da shagon sari a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, yana sayar da shinkafa da sukari da taliya da man girki. Fiye da rabin cinikinsa bashi ne. Masu ƙananan shaguna daga Rigasa da Kawo da Tudun Wada sukan ɗauki kaya, in sun sayar su kawo kuɗi. Da lissafin ya fara fin ƙarfin littafi, sai ya ce in haɗa masa fom a kwamfuta. Na ɗauki Microsoft Access, wato manhajar adana bayanai, saboda yana aiki ko babu intanet, kuma kowa ya san halin netwok a cikin kasuwa.

Ɓangaren kaya bai ba ni wahala ba. A zaɓi kaya, a zaɓi buhu ko kwali ko jarka, a sa adadi, jimla ta fito da kanta. Har da wata dabara da nake ji da ita: kowane kwastoma yana da iyakar bashin da za a ba shi, in ya haura fom ɗin ya yi ja, ya ƙi adanawa.

Gurbin sunan mai saye ne na bari a buɗe, kowa ya rubuta da hannunsa, don Kawu ya ce ba ya son abin da zai tsayar da yara ana layi. Nan aka yi mana ta'adi. Wani kwastoma guda, yaro na farko ya rubuta shi Muhammad, na biyu Mohammed, na uku ya gajarta Muh'd, na huɗu kuwa laƙabinsa na kasuwa ya sa. Kwamfuta ba ta san fuska ba, harafi take kwatantawa da harafi. A wurinta mutum huɗu ne, kuma kowannensu bai kai iyaka ba. Haka mutumin ya yi ta jidar kaya, fom bai taɓa yin ja ba.

Kawu ne ya gano da kansa. Ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, mutumin Rigasa tun kafin azumi rabonsa da kawo kuɗi, ya aka yi na'urar taka ta yi shiru?" Na ce, "Kawu, bari in duba." Da na tattara layukan wuri ɗaya, bashin ya ninka iyakarsa kusan sau huɗu. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne mutumin bai yi wayo ba, bai ma san abin da ke faruwa ba. An ba shi ya karɓa.

Gyaran da na yi shi ne ware kwastomomi a teburinsu daban, wato jerin sunayensu na musamman a cikin manhajar. A fom ɗin ciniki sunan ya koma jerin zaɓi, aka kulle shi yadda ba zai karɓi abin da ba ya cikin jerin ba. Sabon suna sai Kawu ko babban yaronsa ne ke ƙarawa. Yara sun yi ƙorafi, daga baya suka ga ya fi sauri, don harafi biyu za ka buga sunan ya fito.

Na so in mai da lambar waya ta zama shaidar kowa, nan ma akwai rami. Lambobinmu goma sha ɗaya ne kuma da sifili suke farawa. In ka sa gurbin a matsayin lamba, sifilin zai ɓace, sauran goman kuma sun wuce 2,147,483,647 da irin wannan gurbi ke iya ɗauka a Access. Dole ya zama gurbin rubutu, a ƙayyade masa tsawo. Ko da hakan, wane ɗan kasuwa ne ke da layi ɗaya? Sai na bar manhajar ta ba kowa lambarsa, muka rubuta a ɗan kati. Na kuma ƙara gurbin wanda ya karɓi kaya, tunda sau da yawa yaro ake aikowa ko mai Keke Napep.

Ku duba kwanan wata ma. Kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka tana sa wata kafin rana, sai 3/4 ya zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu. Wannan minti kaɗan ne gyaransa.

Na sunayen ne bai ƙare ba. Tsofaffin layukan da hannu muke haɗe su, ni da Kawu, bayan la'asar in kasuwa ta lafa, ina karantowa yana faɗin mai shi. Mutumin Rigasa yana biya kaɗan-kaɗan. Amma akwai layuka da dama da ba a rubuta komai a kansu ba sai "Alhaji" ko "Hajiya", kuma yaron da ya shigar da su ya bar aiki ya koma Zariya.