Talata, ranar bitar Moodle

Yau da safe aka tara mu malaman tsangaya a ɗakin kwamfuta domin bitar Moodle, manhajar koyarwa ta intanet. Da ka dubi fuskoki ka san takardar shugaban sashe ce ta kawo wasu, ba sha'awa ba.

Mai bitar matashi ne mai haƙuri. Ya ce manhajar kyauta ce, wani ɗan Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fito da ita a 2002, kuma jami'a na iya girka ta ba tare da biyan lasisi ba. Ya nuna mana yadda ake ɗora lacca, yadda ɗalibi zai miƙa aikin gida, da gwajin da na'ura ke dubawa ta ba da maki da kanta. Wannan na ƙarshen ya shiga raina sosai, domin takardun 'yan ajin farko kan cinye min mako biyu cur.

Muna cikin haka wuta ta ɗauke, intanet ta bi ta.

Farfesan da ke gefena, wanda ya koyar da ni tun ina ɗaliba, ya juyo ya ce, "Malama, kin gani ko?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai yanzu za a tada janareta." Ya girgiza kai. Ya ce a 2020, da korona ta rufe makarantu, da kuɗin aljihunsa ya riƙa sayen data yana tura wa ɗalibai lacca da murya ta WhatsApp. Wasu na ƙauyukan da ba sabis, sai bayan kwanaki su ji. Da aka zo ƙarin girma kuwa, maƙalun da mutum ya wallafa kawai aka ƙirga, wahalar nan ba wanda ya ko ambace ta.

Jikina ya yi sanyi. Na daɗe ina ɗauka taurin kai ne ke hana irinsu karɓar abin. Ashe mutumin ya riga mu gwadawa, ya sha wuya shi kaɗai.

A hanyar gida na tuna abin da na karanta lokacin digirina na biyu. Wani mai bincike, Fred Davis, ya nuna a 1989 cewa mutum kan karɓi fasaha idan ya ga amfaninta kuma ya ga sauƙinta. A 2003 Venkatesh da abokan aikinsa suka haɗa da tasirin na kusa da kai da kuma tanadin kayan aiki. A ƙasashe masu tasowa, ina ganin wannan tanadin ne gaba da komai: wuta, intanet, da ma'aikacin da zai amsa kira ranar da shafi ya ƙi buɗewa.

Da daddare na ɗora darasin makon farko. Rubutu na saka da gajeriyar murya, ban saka bidiyo ba saboda datar ɗalibai, kuma manhajar waya tana barin su sauke darasi su karanta ba intanet. Na kira Farfesa na ce zan zo ofishinsa ranar Alhamis mu ɗora nasa tare. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in zo ƙarfe goma.