Ranar da Kawu ya kawo ƙarata gabana

Alkyabbar aro ce, rawanin ma aro ne, kuma duk ba su ba ni wahala ba. Bakina ne ya so ya kunyata ni.

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san wasan kara: samari su yi shigar sarki da gwamna da ministoci, su ɗauko tafiyarsu da muryarsu, gari ya fito kallo. Mu a unguwarmu sai muka ce bara mu koma baya, mu kafa fadar zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, aka ƙera igwa a garin nan a lokacinsa, ya rasu a 1884. Ni aka ba sarautar, wai don ina da tsawo. Sharaɗin ɗaya ne: daga an ja maka amawali har a kwance shi, kai mutumin wancan zamani ne. Faransawa ba su ci garin ba sai 1899, saboda haka ba ka san kwamanda ba, ba ka san lakwal ba, balle mota.

Wani tsoho da ya daɗe yana zaman fada shi ya koya mana. Ya ajiye ƙoƙo a tsakiyar tabarma, duk wanda "bon" ko "dakor" ta suɓuce masa ya jefa dala biyar. Daren farko dala talatin na zuba. Ashe Faransanci ya shige mana baki kamar tsakuwa a cikin gero, ba ka jin ta sai ka tauna. Lokaci ma haka: babu ƙarfe huɗu, sai hantsi, sai bayan la'asar. Kuɗi kuwa wuri ne, ana lissafa shi da zambar.

Na haddace dogon jawabi, ina ji da shi. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, wannan ai sanƙira ne. Sarki ba ya surutu." Ya datse shi kaf. Sarki yana magana ƙasa-ƙasa ta bayan amawali, na kusa da shi ya ɗaga wa jama'a, in an yi gaisuwa dogarai su amsa da "Sarki ya gaishe ka". Na ji haushi a lokacin, amma wannan shirun ne ya cece ni, don shi ke ba ka sararin nemo amsa. Da wani yaro ya ɗaga waya zai ɗauke ni hoto yana cewa in dubo nan, na ɗan jinkirta, sannan na raɗa wa dogarina, shi kuma ya kwarara: "Sarki ya ce wane irin madubi ne wannan da ake nuna wa mutane bayansa?"

Sai ga Kawu, ƙanen mahaifiyata, mutumin da ban taɓa zama kan kujera yana tsaye ba. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya yi jinjina. "Allah ya ba ka nasara, ƙara na kawo. Ɗan ƴar'uwata ya ci mini bashin wuri zambar goma, ya ƙi biya."

Jika biyu yake bi na, da gaske, tun kafin azumi.

"Kawu, don Allah tashi" ta zo har bakin leɓena. Gumi na bin bayan wuyana a ƙarƙashin rawani, jama'a sun yi tsit don rabinsu sun san zancen. Na ciji amawalin, na ƙirga numfashi uku, na ce a ba yaron kwana bakwai, in bai biya ba a kawo shi a ɗaure. Dogarai suka ɗauka da ƙarfi, wuri ya ɓarke da dariya, Kawu ya yi godiya ya ja da baya bai ko murmusa ba.

Bayan isha'i na mayar da alkyabba, na biya ta gidansa, na tsuguna a bakin tabarma na ce, "Kawu, ina wuni?" Bai ɗago daga rediyonsa ba. Ya ce, "Lafiya lau. Yau ɗaya, saura shida."