Takalmin da Ake Saya Don Ya Saki Ƙafa

Sana'ata sayar da takalman wasanni na gwanjo ce a cikin garin Gombe, tare da gyara su. Kaya a dila suke zuwa mana, wasu ta Ƙofar Wambai a Kano, wasu kai tsaye daga Legas, kuma duk wanda ya taɓa yanka dila ya san ba zaɓe ake yi ba, abin da Allah Ya ba ka shi ne rabonka. Kambas na gudu da takalman ƙwallo su ke biyan hayar shago. Da samari suka fara yayin takalmin taya, mai ƙananan tayoyi a ƙasa, shi ma ya zama kasuwa. Sai kuma tarkacen ƙasan buhu, takalman da aka ƙera don rayuwar da ba tamu ba, waɗanda yawancin abokan sana'a ke jefarwa gefe. A cikinsu nake tsintar takalmin zamiyar ruwa.

In ka gan shi ba za ka ce takalmi ba ne. Ba shi da tafin da za a taka ƙasa da shi, a ɗaure yake a kan faranti mai ramuka, farantin kuma da notuna ake kafa shi a kan allon zamiya. Wasan kansa daga Amurka ya fito: wani saurayi mai suna Ralph Samuelson ne ya fara shi a 1922 a tafkin Pepin da ke jihar Minesota. Jirgi mai inji ke jan mutum da igiya, shi kuma yana tsaye a kan allo bisa fuskar ruwa. Nau'in da ake kira silalom allo ɗaya tak ake hawa, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, ɗan wasa yana kewaya ƙwallayen roba shida, uku a dama uku a hagu. A gasa gudun jirgi yana kaiwa kilomita 58 a awa ga maza, 55 ga mata. Igiya tana farawa da tsawon mita 18.25, duk zagayen da mutum ya ci sai a rage ta: 16, 14.25, 13, 12, 11.25, haka har ƙasa. Kowace ƙwallo kuwa tana nesa da hanyar jirgi da mita 11.5, ka ga daga wani mataki igiyar ma ba ta isa ƙwallon ba, sai mutum ya miƙe jikinsa ya cika ragowar. Kuma da yake yana lilo ne daga gefe zuwa gefe, gudunsa a tsakiya ya fi na jirgin nesa ba kusa ba. A irin wannan gudun ake faɗuwa, kuma kowa yana faɗuwa, har gwanaye.

Ba wasanmu ba ne a nan. Ruwan Dadin Kowa na masunta ne da manoman rani, ga dorina a ciki, wa zai yarda a ja shi da igiya a can? Masu sayen nawa mutanen Legas ne masu jiragen shaƙatawa, ta WhatsApp muke ciniki, in ba direba a tasha ya kai. Ba kullum ake samu ba, amma idan aka dace guda ɗaya yana kawo ribar da kambas da yawa ba za su kawo ba, tunda sabo sai an yi odarsa daga waje da dala.

Abu na farko da nake dubawa shi ne ko robar tana da sauran rai. Zafi ne babban abokin gabarta. Kayan sun kwana a kwantena a teku, sun kwana a sito mai rufin kwano, sannan su iso Gombe su haɗu da ranar watan Maris da Afrilu. Sai in lanƙwasa robar da hannu in duba wurin lanƙwasar a haske: idan ƙananan tsage-tsage suka bayyana, ko ta yi fari-fari ta ƙi komawa yadda take, ta mutu, ko da daga nesa tana ƙyalli. Daga nan sai faranti. Na alminiyam yakan lanƙwashe, don haka nakan ɗora shi a kan gilashin kanta in ga ko yana rawa. Ina bin ramukan notuna ɗaya bayan ɗaya, domin daga nan tsagewa ke farawa. Notunan kuma dole su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, musamman ga wanda zai shiga ruwan Legas mai gishiri. Idan ɗaya ya ɓace ba na cike gurbinsa da na kasuwa, ko da ya shiga daidai. Wanda ya fi tsawo zai huda cikin allon, na baƙin ƙarfe kuma zai yi tsatsa ya maƙale.

Batun dacewa da ƙafa shi ke jawo mana doguwar magana da masu saye. Ba a sa safa, ƙafa tsirara ake zurawa, kuma a jiƙe. Lambar Amurka daban, ta Turai daban, kamfani da kamfani ma suna saɓawa, don haka ba na aiki da lamba. Cewa nake yi, "Yallaɓai, taka farar takarda a zana ƙafar, a auna min da santimita daga diddige zuwa babban yatsa." Sai in tambaye shi wace ƙafa yake sawa a gaba, domin da yawa daga takalman gaba an ƙera su ne na dama ko na hagu. Sai hoton saman allonsa, in ga ko ramukan za su hau kan juna, tunda tsofaffin alluna ba duka suke bin tsarin na yanzu ba. Abin da ake so shi ne diddige ya zauna ba ya ɗagawa, yatsu su kwanta ba su naɗe ba. Idan ƙafa ta fara mutuwa bayan 'yan mintuna, ya matse da yawa. Ɗabi'armu ta saya wa yaro babba don ya girma ya cika shi ba ta da wuri a nan: ƙafar da ke iyo a cikin takalmi ba ta iya juya allo, kuma tana iya murɗewa a ciki.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya raba wannan takalmi da sauran kayan shagona shi ne dole ya saki ƙafa a lokacin da ya kamata. Duk mai hawan doki a garin nan ya san faɗuwa ba ita ce abin tsoro ba, maƙalewar ƙafa a likkafa ita ce. Haka allon zamiya yake. Idan bakinsa ya nutse ya tsaya cak, jikin mutum yana ci gaba da tafiya, kuma in takalmi ya ƙi saki, idon sawu da agara su ke ɗaukar nauyin gaba ɗaya. Mafi muni shi ne ƙafa ɗaya ta fita ɗaya ta zauna, allon ya zama doguwar sanda yana murɗa ƙafar da ta rage. Nan ake samun karaya, ba targaɗe ba.

Kowane iri da yadda yake sakinsa. Na roba zalla, irin na kamfanin Wiley, miƙewar robar ce ke ba diddige hanya. Da ruwan sabulu ake shiga cikinsa, kuma kullum ina gargaɗi kada a shafa masa basilin ko baƙin mai, domin suna cinye roba. Masu igiyar ɗaurewa da soso a ciki, irin na kamfanonin Radar da HO da Connelly, igiyar ƙasa ce ke riƙe tafin ƙafa, ta sama kuwa a yawancinsu mai miƙewa ce da gangan, don bakin takalmin ya buɗe idan aka fizga. Sai masu tauri kamar kwalkwali, irin na kamfanin Reflex na Faransa. Su ƙafa ba ta fita ko kaɗan, takalmin ne dungurungum yake ɓallewa daga faranti ta wani makulli mai sifirin da ke bayan diddige, wanda ake saitawa gwargwadon nauyin mutum da ƙwarewarsa. A ƙafar baya kuma wasu cikakken takalmi suke sawa, wasu madaurin yatsu kawai, wanda ƙafa ke zamewa daga cikinsa ba wahala.

A nan ne nake samun saɓani da dattijon da ke mana gyara a bakin shago. Gwani ne, shekarunsa a ɗinkin takalmi sun fi shekaruna a kasuwa, kuma duk iliminsa a kan ƙarfafa abu ya ginu. Ya ga igiyar sama ta saki, sai ya ce, "Alhaji, kawo in sa masa igiyar nailan, in ƙara masa ɗinki biyu a wuya, har abada ba zai cire ba." In ce, "Baba, ai cirewar ake saya." Ya girgiza kai, don a wurinsa takalmin da ke fita daga ƙafa aikin banza ne, kuma a kan kowane takalmi na duniya ban da wannan gaskiyarsa ce. Mun daidaita a kan cewa zai iya ɗinke soson ciki da ya farke, ya manna abin da ya ɓanɓare a tafi, amma wuya da igiyar sama ba a taɓa su sai da irin abin da aka cire.

Masu saye ma suna da irin wannan tunanin. Wani zai ce takalmi ya sake shi sau ɗaya a tsakiyar wasa, don haka ya ɗaure sifirin har ƙarshe. Wani zai haɗa mai ɓallewa a gaba da matsattsen takalmi a baya, bai yi tunanin wanne zai riga wanne fita ba. Shi ya sa duk wanda na tura wa kaya nake bin sa da saƙon murya: kafin ya shiga ruwa ya kafa takalmin a allo, ya jiƙa ƙafa, wani ya danne masa allon a ƙasa, shi kuma ya dafa kafaɗar wani ya yunƙura gaba da ƙarfi. Ya kamata diddige ya fito, ko makulli ya ɓalle, ba tare da ya ji idon sawunsa zai tsinke ba. Idan sai ya kwance igiya sannan ƙafa ta fita, ya ɗaure da yawa. Kuma ya riƙa maimaita gwajin, domin yashi da gishiri suna shiga makulli su daskarar da shi.

Masu taurin nan su ne na fi ƙi. Sau da yawa takalmin yana zuwa a dila ba makullinsa, ko makullin ya zo da tsatsa a sifirin, ko a ga siririn tsagu kusa da inda wuya ke lanƙwasawa. Irin wannan ba na sa masa farashi ko an roƙe ni, domin ba ni da hanyar tabbatar da cewa zai saki a nauyin da ya dace. Duk wanda ya faɗi gwaji sai mu kwance shi: faranti da notuna in ajiye su a kwali, don akwai masu nemansu daban kuma suna biya da kyau, soso da robar kuma Baba ya yanka yana yi wa takalman taya faci da su.