Abin da aikin jirgin kamun kifi ya koya min kan zaɓen sanda da ril

Duk wanda ya tambaye ni wace sanda zai saya don jan fatsa a tsakiyar teku, ni ma tambayarsa nake yi, wane zare za ka ɗaura kuma wa zai riƙe sandar? Don gaskiya tun da na fara aiki a bayan jirgi abin da na fi gani shi ne mutum ya zo da ƙaton ril, wato na'urar naɗe zare da ke jikin sanda, mai ruwan zinare wanda aka yi don ƙaton kifin nan marlin, alhali kifin da ke cin fatsa a wajen dorado ne da ƙananan tuna, sai ka ga kafin azahar hannunsa ya mutu, ba kifi ne ya gajiyar da shi ba, nauyin kayansa ne.

Zare shi ne farko. Lambobin nan da kake gani a jikin ril, 30, 50, 80, 130, asalinsu ƙarfin zare ne a laba, wato wajen kilo 15, 24, 37 da 60, kuma haka IGFA, ƙungiyar masu kamun kifi na wasa ta duniya, ta kasa su. Idan dorado da sailfish da tuna matsakaita kake nema to 30 ya ishe ka har da saura, 50 kuma shi ne wanda ni na fi yarda da shi don kusan komai yana ɗauka, 80 da 130 sai manyan marlin da bluefin, su kuma yawanci a kan kujerar da ke kafe a jirgi ake fama da su ba a tsaye ba.

To amma inda maganar take shi ne birki. Jirgi yana tafiya wajen kilomita 13 zuwa 17 a awa, kifin roba yana tsalle a baya, sai wani abu ya fizge shi ya juya da gudu, a wannan daƙiƙar ba ƙarfinka ba ne ke aiki, birkin ril ne, dole ya saki zare sumul ba tare da ya riƙe ya saki ya riƙe ya saki ba, don wannan fizge-fizgen shi ke tsinka zare. Shi ya sa nake son ril ɗin da ake saita birkinsa da liba fiye da wanda ake murɗa tauraro a gefensa, da liba kana ganin inda ka tsaya da idonka, ka ja baya ka dawo daidai inda kake. Kuma ba da hannu ake gwada shi ba, kyaftin ɗin da na yi aiki a ƙarƙashinsa ko kallonka ba zai yi ba in ka ja zare da hannu ka ce ya yi, sikeli ake ɗaurawa a bakin zaren, zaren ya bi ta cikin zobban sanda, wani ya riƙe sandar a ɗage kai kuma ka ja har ril ya fara saki, ka karanta. Ana so ya tsaya tsakanin kwata da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, zaren kilo 24 ke nan birki kilo 6 zuwa 8.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba sa lura da shi, duk sanda kifi ya kwashe zare kwarkwaron ril yana ramewa, birkin ƙaruwa yake yi da kansa ba ka taɓa komai ba. In kaurin naɗin zaren ya koma rabi, ƙarfin riƙon ya ninka biyu, ga kuma ruwa yana jan ɗaruruwan mitocin da ke waje. A lokacin ne zuciya ke ce maka ƙara matsewa kar zare ya ƙare, alhali sassautawa ya kamata ka yi. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake son ril mai faɗi, irin 50W da ke cin zaren nailan sama da mita 700, wasu kuma su cika ƙasa da zaren kitso don siriri ne ya fi shiga da yawa, sai su ɗaura nailan a sama saboda shi yana miƙewa yana shanye fizgar farko, na kitso kuwa kusan ba ya miƙewa sam.

Ril mai giya biyu fa? In da hali a saya. Babbar giya don kwaso zare da sauri in kifi ya nufo jirgi, ƙaramar kuma sai tuna ta nutse ƙasa tana zagaye ta ƙi tasowa, ka danna maɓalli ka koma kamar babbar mota a kan tudu, a hankali amma ana tafiya. Penn International, Shimano Tiagra, Okuma Makaira duk suna da ita, ni ba na faɗa kan suna.

Sanda kuwa mutane suna zaton doguwa ta fi, a tsaye dai ba haka ba ne, tsawon nan kifi yake ba wa ƙarfi a kanka. Ƙafa biyar da rabi zuwa shida ta isa, ta kujera ce ke kai bakwai. A duba abin da aka rubuta a jikinta ya dace da zaren, kar a haɗa sandar 30 da birkin 80. Zobba masu rola suna rage gogar zare amma fa suna son kulawa, rola ɗaya ta cije da gishiri ta daina juyawa to ta fi zobe na kawai ɓarna, kullum da safe ina bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

Sannan kafin a biya kuɗi a ɗaura bel, a sa gindin sandar a cikinsa, a maƙala ɗamarar baya a kunnuwan ril, wani ya ja zaren da ƙarfin birkin da za a yi aiki da shi na ɗan mintuna. In baya ya fara ciwo tun a kan tudu, a sauko lamba ta ƙasa.