Yadda Nake Zaɓa wa Yarana Littafi

A hutun ƙarshen zangon bara na saya wa 'yata mai shekara biyar wani littafin hotuna, kuma abin da ya ja ni gare shi bai wuce sheƙin bangonsa da kyawun launinsa ba. Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na miƙa wa yayanta littafin domin ya karanta mata, tun da shi ya fara kama karatun boko sosai. A shafi na uku ya tsaya, ya ɗago kai ya tambaye ni yadda za a yi yaro ya yi karya, alhali karya dabba ce. Na karɓa na duba, sai na ga ƙarya ake nufi, amma madaba'ar ba ta sa wa harafin ƙugiyarsa ba. Haka littafin yake daga farko har ƙarshe: ɗaki ya koma daki, baƙo ya koma bako, jimlolin kuma an jera su ne a kan tsarin wani harshe, har harshena yana tuntuɓe a kansu. Tun daga ranar ban ƙara biyan kuɗin littafin yara ba sai na tsaya a gaban mai shago na karanta shafi biyu ko uku a fili.

Dalilina shi ne, littafin ƙaramin yaro ta kunne yake fara shigarsa. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san haka ko ba a faɗa mana ba, domin abin da ya zauna mana a rai daga labaran Gizo da Ƙoƙi shi ne 'yar waƙar da ake maimaitawa a tsakiya, wadda kowa yake jira ya amsa. Littafin hotuna mai kyau yana da irin wannan amshi. Idan ka kai dare na uku kana karanta shi, yaron ne zai riƙa riganka faɗin jimlar, yana bin rubutun da yatsa, kuma ta nan karatu yake fara shigarsa ba tare da an matsa masa ba.

Sai kuma hoton kansa, wanda a nan ne na fi daɗewa ina dubawa. Hoto nagari yana faɗin abin da rubutun bai faɗa ba. Muna da wani littafi a gida da labarinsa ya tsaya a kan yarinya mai zuwa ɗiban ruwa, amma mai zanen ya ɓoye ƙadangare a kowane shafi, wani lokaci a kan katanga, wani lokaci a gindin randa, kuma 'yata ba ta yarda a juya shafi sai ta gano shi. Ina son ta ga kanta a cikin littafi: yarinya mai kitso da lalle, akuya a ɗaure a turke, rumbu, adaidaita sahu, mai shayi a bakin titi. Ba ina nufin a rufe wa yaro ƙofar duniya ba ne, domin yana da kyau ya ga dusar ƙanƙara da teku da mutanen da suturarsu ta bambanta da tamu. Abin da nake gudu shi ne ya girma yana ɗauka cewa labari abu ne da yake faruwa ga waɗansu mutane a wata ƙasa mai nisa, ba ga irinsa ba. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: nakan rufe rubutun da tafin hannu, in ce ta ba ni labarin daga hoton kaɗai.

Ina kuma duba ƙarfin takarda da girman baƙaƙe, in ga ko ɗinki aka yi wa littafin ko gam kawai aka shafa, domin na gam ba ya jure hannun yaro da bushewar hunturu.

Zaɓin ƙagaggen labari ga ɗan shekara goma zuwa sha biyu ya fi wannan wuya. Yawancin littattafan Hausa da suka cika kasuwa, da waɗanda ake turawa ta WhatsApp, labaran aure da kishi ne da aka rubuta domin manya, kuma ba laifin marubutansu ba ne idan mu iyaye muka bar su a hannun yara. Shi ya sa na fara wa ɗana da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a ƙarshen shekarun 1930 cikin littafi uku. Gajerun labarai ne a cikin babban labari, inda aku yake riƙe ɗan sarki Musa da hira don kada ya fita, saboda haka yaro zai iya gama labari ɗaya a zama ɗaya kuma ya ƙosa ya ji na gaba. Amma tsufan littafi da darajarsa ba su ne suke sa ya dace da kowane shekaru ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, alal misali, yana ɗauke da satar yaro da bauta da wahalar uwa mai neman ɗanta, don haka na ajiye masa shi sai ya shiga sakandare, lokacin da za mu iya zama mu tattauna abin da ya karanta.

Irin littafin da na fi ƙi shi ne wanda wa'azi ya danne labarinsa, inda yaron kirki ba ya kuskure ko sau ɗaya. Yara suna gane wannan da wuri, kuma sukan ajiye littafin. Na yarje wa ɗana ya bar duk littafin da ya karanta babi uku bai kama shi ba, da sharaɗin ya faɗa mini dalili. A makon jiya ya dawo mini da wani, ya ce tun daga shafin farko ya san yadda zai ƙare, sannan ya roƙe ni in nemo masa littafi na biyu na labaran akun nan kafin a koma makaranta.